Mayar da tsohuwar kwamfutar ofis na'urar wasa: yadda ake yi, da abin da yanayin Haɗejiya ke buƙata

A shagunan kwamfuta na titin Beirut da kasuwar Farm Centre a Kano, inda 'yan kasuwar Jigawa kan je sarin kaya, akwai wasu baƙaƙen akwatuna siriri da ake jerawa ɗaya kan ɗaya kamar bulo. Kwamfutocin girke ne da aka ƙera domin bankuna da makarantu da ofisoshin gwamnati a Turai da Amurka, suka gama wa'adinsu a can, aka kwaso su gwanjo. Galibinsu ƙirar Dell OptiPlex ne, ko HP EliteDesk da ProDesk, ko Lenovo ThinkCentre. Duk wanda ya rubuta jarrabawar JAMB tun daga 2015, lokacin da hukumar ta koma amfani da kwamfuta kacokan, da wuya a ce bai taɓa zama gaban irinsu ba.

Ba don wasa aka yi su ba. Amma shekaru da dama ke nan da matasa a ƙasashe daban-daban suka gano cewa idan aka sa wa irin wannan akwati katin hoto, aka ƙara masa RAM, aka sauya masa ma'ajiya, zai buga wasannin da ake zaton sai kwamfuta mai tsada. Ga matashin Haɗejiya da ke son FIFA ko GTA a ɗakinsa, ko mai niyyar buɗe ɗan gidan gem a unguwa, wannan ita ce hanya mafi araha. Ita ce kuma hanyar da aka fi yin asarar kuɗi a cikinta, domin akwatin yana da iyakoki uku da ba ya yafe wa wanda ya jahilce su: girma, wuta da zafi.

Daga ina suke fitowa

Manyan kamfanoni a ƙasashen Yamma kan sauya kwamfutocinsu duk bayan shekara uku zuwa biyar, ko sun lalace ko ba su lalace ba. Dillalai na saye su da yawa, a loda su a jirgin ruwa zuwa Legas, su bi ta kasuwar Computer Village da ke Ikeja, sannan su hauro Kano. Daga Kano zuwa Haɗejiya kusan kilomita 200 ne, kuma kowane hannu da kayan suka bi ta cikinsa sai ya ɗora ribarsa.

Ba duka ke isowa da rai ba. Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta gudanar a tashoshin jiragen ruwa na Legas a 2015 da 2016 ya ƙiyasta cewa kimanin tan 60,000 na tsofaffin kayan lantarki ke shigowa Najeriya a shekara, kuma aƙalla tan 15,400 daga ciki ba sa aiki. Mafi yawansu daga Tarayyar Turai suka fito, an cusa su cikin motocin gwanjo. Dokar ƙasa ta hana shigo da matattun kayan lantarki, hukumar NESREA ce ke da alhakin tsare ta, amma mai saye a Haɗejiya ba shi da wata kariya da ta wuce idonsa. Shi ya sa ba a biyan kuɗin irin wannan kwamfuta sai an kunna ta a gaban mai saye, an buɗe murfinta, an kuma tabbatar babu kalmar sirri da tsohon ofishinta ya kulle BIOS da ita.

Wacce za a ɗauka

Girma uku ake samu. Akwai doguwa mai faɗi, wadda ke karɓar kusan kowane kati. Akwai 'yar mitsitsiya mai kamar littafi, wadda galibi ba ta da gurbin kati, saboda haka ba ta cikin wannan lissafi komai kyanta. Sai ta tsakiya, siririya, wadda kamfanonin ke yi wa laƙabi da SFF. Ita ta fi yawa a kasuwa, ita ta fi araha, kuma a kanta wannan bayani ya tsaya.

Shekarun kwamfutar ana gane su ne daga lambar furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke sarrafa lissafi. A Core i5-4570, lambar farko bayan layin, wato 4, tana nufin zubi na huɗu, na shekarar 2013. Shi ke cikin OptiPlex 3020 da 7020 da 9020, da EliteDesk 800 G1. Zubi na shida, kamar i5-6500 na 2015, yana cikin OptiPlex 7040. Zubi na takwas, kamar i5-8500 na 2018, yana cikin OptiPlex 7060 da EliteDesk 800 G4, kuma shi ne ya zo da cibiyoyin sarrafawa shida a maimakon huɗu. Wasu masu shago kan ce «Core i7 ce» su yi shiru, alhali i7 na zubi na biyu ya girmi i5 na zubi na takwas da shekara bakwai, kuma ba ya kama ƙafarsa. Lambar zubi ita ce abin tambaya.

Katin hoto da iyakokin akwatin

Kwamfutar ofis tana zana hoto ne da wani ɗan sashe na furosesa, wanda ya isa rubutu da kallon bidiyo, amma yana shaƙewa idan aka ɗora masa filin ƙwallo mai 'yan wasa 22 suna gudu. Katin hoto na'ura ce mai zaman kanta, da tata ƙwaƙwalwar da tata fankar, da ake sokawa a wani dogon gurbi a jikin madabod mai suna PCIe. A nan rabin kuɗin aikin ke tafiya, wani lokacin fiye da rabi.

Matsala ta farko tsawo ce. Akwatin SFF siriri ne, katin da aka saba gani a hotuna ba ya shiga. Sai an nemi gajere, wanda aka ƙera da rabin tsayi, tare da gajeren ƙarfen da ke riƙe shi a bayan akwatin. Masu sayar da na hannu sukan yar da wannan ɗan ƙarfe, kuma in babu shi kati zai riƙa lilo a gurbinsa.

Ta biyu kauri ce, kuma ita ta fi kama mutane. A yawancin ƙananan Dell tun daga zubi na huɗu, babban gurbin yana manne da akwatin wuta, ta yadda kati mai kaurin gurbi biyu ba zai zauna ba, ko ya zauna fankarsa ta rasa inda za ta shaƙi iska. EliteDesk 800 G1 da G2 na HP sun fi sarari a ciki, gurbi huɗu gare su. Mai hankali yakan fara zaɓen kati, sannan ya nemi akwatin da zai ɗauke shi, ko ya je kasuwa da akwatin a hannu a gwada.

Ta uku ita ce wuta. Akwatin wutar da ke cikin waɗannan kwamfutoci, wanda masu gyara ke kira fawa-fak, yawanci wat 180 ne zuwa 255, kuma ba shi da ƙarin wayar da manyan katuna ke buƙata. Sauya shi ma ba abu ne mai sauƙi ba, domin daga zubi na huɗu Dell ta daina amfani da filogi mai ƙafa 24 da kowa ya sani, ta koma nata na musamman mai ƙafa takwas, daga baya mai shida. HP ma nata daban ne. Abin da ya rage shi ne katin da zai ƙoshi da wutar da gurbin PCIe ke bayarwa, wadda ba ta wuce wat 75.

Katunan da suka cika waɗannan sharuɗɗa ba su da yawa. GeForce GT 1030 na 2017 yana cin wat 30 kacal, ya dace da tsofaffin wasanni. Sai dai iri biyu ne a suna ɗaya, mai GDDR5 da mai DDR4, kuma na biyun ya yi ƙasa sosai da na farkon. GTX 1050 Ti na 2016 da GTX 1650 na 2019, kowanne mai gigabait 4, su ne aka fi nema, amma gajerunsu kusan duka masu kauri ne. Radeon RX 6400 na 2022 siriri ne, wat 53 yake ci, yana shiga inda sauran suka kasa, sai dai ƙarfinsa na raguwa a tsofaffin madabod, kuma ba shi da sashen naɗar bidiyo, abin da ya shafi duk mai son ɗora wasansa a TikTok ko YouTube. RTX 3050 mai gigabait 6, wanda ya fito a Fabrairun 2024, shi ne mafi ƙarfi a cikinsu, amma kuɗinsa kan ninka na kwamfutar da za a sa shi ciki. Katunan Arc na Intel ba su jituwa da tsofaffin kwamfutoci, gara a bar su.

Akwai kuma jabu. An daɗe ana ɗaukar tsohon kati irin GTS 450 na 2010, a sauya masa manhajar ciki ta yadda kwamfuta za ta karanta shi a matsayin GTX 1050 Ti. Yana kunnuwa lafiya, sai an shiga wasa ya riƙa katsewa. Alama mafi sauƙin gani ita ce shuɗin soket ɗin VGA a bayansa, wanda 1050 Ti na gaskiya bai saba zuwa da shi ba. Wata manhaja ta kyauta mai suna GPU-Z tana tona asirin irin waɗannan katuna, kuma mai shagon da ya ƙi a gwada kayansa da ita ya riga ya ba da amsa.

Bayan an soka kati, wayar allo a jikinsa ake haɗa ta. Mutane da yawa kan bar ta a tsohon soket na madabod, su yi ta zargin an cuce su.

RAM da ma'ajiya aiki ne mai sauƙi. Gigabait 16 ya wadatar, kuma sanduna biyu masu takwas-takwas sun fi ɗaya mai 16 sauri. Zubi na huɗu DDR3 yake ɗauka, na takwas DDR4, ba sa shiga gurbin juna. Tsohon faifai mai juyawa kuwa a maye gurbinsa da SSD, wanda ya ninka shi sauri aƙalla sau uku kuma ba ya tsoron girgiza. Ba zai ƙara wa hoto kyau ba, amma shi ke sa kwamfutar da ta haura shekara goma ta tashi cikin daƙiƙoƙi.

Zafi, ƙura da ruwa

An ƙera waɗannan akwatuna ne domin ofis mai sanyi, fanka ɗaya ko biyu, ba tare da tunanin za a ƙara musu wani abu mai fitar da zafin wat 75 ba. A Haɗejiya kuwa, a Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40 a inuwa, ɗaki mai rufin kwano ya fi haka. Fanka ba ta iya sanyaya abu ƙasa da zafin iskar da take shaƙa. Katunan Nvidia na wannan aji kan fara rage gudu da kansu a wajen digiri 83, furosesa na Intel a kusa da 100, kuma mai wasa zai ga hoto ya soma tsinkewa bayan rabin sa'a ya ɗauka katin ne ya mutu.

Maganin farko ba ya cin kuɗi sosai. Tsakanin furosesa da ƙarfen da ke zuƙe masa zafi akwai wani man shafawa mai launin toka, wanda bayan shekara takwas ko goma yakan bushe ya zama kamar ƙasa. A goge shi, a sa sabo kamar ƙwayar wake. Sannan a tsayar da akwatin a inda bayansa ba ya jingine da bango. Wasu kan cire murfin su juya masa fankar ɗaki a lokacin bazara. Dabarar tana aiki, amma da zarar hunturu ya shigo a Disamba sai ta zama illa, domin ƙurar da iska ke kwasowa daga arewa maso gabas tana toshe haƙoran ƙarfen sanyaya cikin 'yan makonni. A wannan lokaci murfi a rufe ya fi, tare da hure ƙura akai-akai. Idan ana hurawa da bulowa, a riƙe fankar da yatsa kada ta yi ta juyawa fiye da ƙima.

Damina tana da nata sharrin. Garin yana bakin kogi, a cikin fadamar da ta miƙa har Nguru, kuma waɗanda suka ga ambaliyar 2020 da ta 2022 ba sa buƙatar a gaya musu cewa ba a ajiye na'ura a ƙasa. Ko ruwa bai shigo ɗaki ba, laima na haɗuwa da ƙurar da ta taru ta ci ƙafafun RAM, har kwamfuta ta ƙi tashi. Sau da yawa cire sandar a goge ƙafafunta da abin goge fensir ya isa.

Wuta

A ƙasashen da wannan dabara ta samo asali, ƙanƙantar fawa-fak ita ce babban aibin kwamfutar ofis. A Haɗejiya ita ce babbar falalarta. Kwamfuta mai i5 da GTX 1650 tana jan kimanin wat 130 zuwa 150 a tsakiyar wasa, allo ya ƙara 25 ko 30. Babbar kwamfutar wasa tana iya jan ninki uku na haka. Sa'a huɗu a kan ƙaramar bai kai yunit ɗaya ba, kimanin kashi bakwai cikin goma na yunit ne. Ko a farashin naira 225 da hukumar NERC ta yanka wa 'yan rukunin A a Afrilun 2024, kuɗin bai kai naira 200 ba.

Amma sai akwai wutar ake maganar farashinta. Rukunin A shi ne wanda aka yi wa alkawarin sa'a 20 a rana, kuma mafi yawan gidajen da KEDCO ke ba wuta a Kano da Katsina da Jigawa ba sa cikinsa. A Oktoban 2024, bayan lalata layin Shiroro zuwa Kaduna da matsalar da ta samu layin Ugwuaji zuwa Apir, jihohin Arewa da dama sun shafe fiye da mako guda cikin duhu. Janareta kuwa ya zama abin lissafi tun da aka janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023. Wannan ya sa sola ta zama ainihin ma'aunin kwamfutar wasa a garin. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 yana ɗauke da kimanin wat 1,200 na sa'a guda. Idan na ruwa ne, rabin haka ake sha in ana son ya daɗe, wato kusan sa'a uku na wasa bayan an cire abin da inbata ke ci. Da babbar kwamfuta, wannan batir ba zai kai sa'a ɗaya da rabi ba. Da rana, faranti biyu masu matsakaicin girma za su riƙe ƙaramar kai-tsaye, kuma rana ita ce abin da Jigawa ba ta taɓa rasawa ba.

Abu biyu ke kashe waɗannan kwamfutoci ta ɓangaren wuta. Ɗaya, hawa da saukar wutar NEPA da ta ƙaramin janareta, wanda sitabilaiza ko UPS ke tarewa. Da yake fawa-fak ɗin na musamman ne, idan ya ƙone sai an nemo irinsa sak, watakila har Kano. Wasunsu kuma ba sa jituwa da inbata mai araha wadda wutarta ba ta fita sumul, sukan yi ƙara ko su mutu da kansu. Na biyu ya shafi tsofaffin da aka kawo daga Amurka: wasu na da wani ɗan jan makunni a baya mai lamba 115 da 230. Wutar Najeriya 230 ce. Wanda ya jona ta tana kan 115 zai ji ƙara ya ga hayaƙi.

Me za ta iya bugawa

PES 2017 da PES 2021, da GTA V wanda ya fito a kwamfuta a 2015, da tsofaffin FIFA, duk suna tafiya sumul a kan 1050 Ti ko 1650. EA Sports FC 24, wanda ya gaji sunan FIFA a Satumban 2023, ya sanya GTX 1050 Ti da i5 na zubi na shida a matsayin mafi ƙarancin abin da yake karɓa, ma'ana kwamfutar zubi na huɗu ta riga ta faɗo ƙasa da layi, ko da za ta lallaɓa idan an rage kyan hoto. Sababbin manyan wasanni sun fi ƙarfin gigabait 4.

Sauke wasan kansa wani kuɗi ne. FC 24 na neman gigabait 100 a ma'ajiya, kuma a Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara kashi 50 cikin ɗari a farashin kira da data. Shi ya sa kwafe wasa daga faifan mai shago ya zama ruwan dare, tare da ƙwayoyin cutar kwamfuta da ke biyo irin waɗannan kwafe-kwafe. Wasa da mutanen wasu ƙasashe ta intanet kuwa yana fama da jinkiri, saboda manyan na'urorin da ke haɗa 'yan wasa galibi suna Turai ne ko Afirka ta Kudu. Ɗan Haɗejiya kan danna harbi bayan abokin karawarsa na Jamus ya riga ya wuce.

Wa'adin Windows da farashin dala

Microsoft ta daina bai wa Windows 10 kariya ta yau da kullum ranar 14 ga Oktoban 2025. Windows 11 kuma, a hukumance, ba ya karɓar furosesan Intel da ya gaza zubi na takwas, sai 'yan ƙalilan, kuma yana buƙatar guntun tsaro mai suna TPM 2.0. Sakamakon haka ofisoshin Turai da Amurka na zubar da miliyoyin kwamfutocin zubi na huɗu zuwa na bakwai, kuma kasuwanni irin na Legas da Kano ne ke karɓarsu. Za su yi araha, za su kuma ci gaba da buga wasa. Sai dai wanda zai yi hulɗar banki ko ajiye takardun aiki a kansu ya san cewa ƙofar a buɗe take. Ana iya tilasta musu Windows 11 ta bayan gida, ko a sa musu Linux, wanda manhajar Steam ke buga wasanni da yawa a kansa, ban da irin su FC da Valorant masu tsauraran matakan hana maguɗi. Wanda kuɗinsa ya kai, zubi na takwas ya fi masa kwanciyar hankali.

Kalmar «araha» ma ta sauya ma'ana. Dala 149 aka sa wa GTX 1650 ranar da ya fito. A farkon Yunin 2023, lokacin da dala take wajen naira 460 a farashin gwamnati, wannan kuɗi bai kai naira 70,000 ba. Da dala ta haura 1,500 a 2024, ya wuce naira 220,000. Babu ko ɗaya daga cikin sassan da aka ambata a sama da ake ƙerawa a Najeriya, don haka kowace shawara da Babban Banki ya yanke a Abuja tana isa shagon mai gyara a Haɗejiya cikin 'yan kwanaki.

Jigawa ta daɗe tana alfahari da fasahar zamani. Gwamnatin Saminu Turaki, wadda ta yi mulki daga 1999 zuwa 2007, ta kafa cibiyar koyar da kwamfuta a Kazaure da kamfanin Galaxy a Dutse, kuma Kashifu Inuwa Abdullahi, wanda aka naɗa shugaban hukumar NITDA a 2019, ɗan Haɗejiya ne. Duk da haka, ɗalibin kwalejin Binyaminu Usman ko na Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa da ke son na'urar kansa, yawanci a gwanjon Turai yake samunta. Katin da ke buga masa ƙwallo shi ne kuma ke tafiyar da manhajojin zanen gini da haɗa bidiyo da Blender, waɗanda ƙaramar kwamfutar cinya ba ta iya ɗauka. Iyayen da ke kallon abin a matsayin shiririta suna da hujjarsu idan yaro ya kwana a kai, amma yaron da ya buɗe akwatin da hannunsa, ya auna wat, ya gane jabun kati, ya riga ya koyi rabin aikin da ake biyan masu gyara a kansa.

Idan ta mutu gaba ɗaya, hannun 'yan jari-bola take faɗawa, su fasa ta, su ƙona wayoyin domin cire jan ƙarfe, hayaƙin da dalmar su bi iska da ƙasa. A garin da ruwan sama ke wanke komai zuwa kogin da ake kamun kifi da noman shinkafa a bakinsa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kafin a kai ga haka, yana da kyau a san cewa sassan ba sa mutuwa tare: RAM da SSD da katin hoto kan fita lafiya daga akwatin da fawa-fak ɗinsa ya ƙone, su shiga wani, kuma yawancin kwamfutocin da ke mance kwanan wata ko suke ƙin tashi bayan doguwar ajiya ba abin da ke damunsu illa ɗan batir mai kamar kwabo da ke jikin madabod, mai lamba CR2032, wanda masu gyaran agogo ma ke sayarwa.